Ya ƙarasa digirin ko ya ajiye ya sake JAMB? Lamarin wani ɗalibi da ya shiga medisin ta DE

Duk shekara in admishan ya fito sai tambayar nan ta dawo, yaro ya nemi medisin an ba shi Fisiyoloji ko Bayokemistiri ko Maikurobayoloji, to ya karɓa ya yi shekara huɗunsa ya gama sannan ya dawo ya nemi likitancin ta DE, wato shiga aji biyu kai tsaye da digirin da ya yi, ko kuwa ya bar shi ya sake zama JAMB? Kowa da amsarsa, kuma in ka bincika yawanci daga labarin mutum ɗaya aka ɗauko amsar. To wannan ma labarin mutum ɗaya ne, sai dai zan kawo shi da shekarunsa da makinsa yadda abin ya gudana don mai karatu ya yi nasa lissafin. Yaron ɗan unguwarmu ne a Kano, na san shi tun yana sakandare, ba zan kama sunansa ba haka ma jami'o'in da ya bi.

Asalin lamarin: 2014 zuwa 2015

An haife shi a 1997, shi ne babba a gidansu, mahaifinsa yana da rumfar yadi a Kantin Kwari, ba mai kuɗi ba ne amma ana ci ana sha kuma ana biyan kuɗin makaranta. Ya gama sakandare a 2014. A WAEC ya ci komai in ban da Fiziks da ya samu D7, a NECO ta shekarar kuma ya samu C a Fiziks ɗin amma Lissafi ya sulluɓe masa. Sai aka haɗa takardun biyu aka samu kiredit biyar ɗin da ake buƙata, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kowa ya ce alhamdulillahi an wuce wurin. Ku riƙe wannan maganar ta haɗa takardu biyu, za ta dawo nan gaba.

JAMB ɗinsa ta farko a 2014 ya ci 214 cikin 400, ko ina ba a kira shi ba. A 2015, shekarar da aka koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta, ya ci 243, ya zauna fos-UTME, wato jarrabawar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB, sunansa ya fito amma a Fisiyolojin ɗan Adam, kos na shekara huɗu.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Najeriya ƙofa biyu ce ta shiga MBBS, wato digirin likitanci. Ta farko ita ce JAMB daga sakandare, ka fara daga aji ɗaya ka yi shekara shida. Ta biyu ita ce DE, ka shiga aji biyu kai tsaye ka yi shekara biyar, ana shiga da sakamakon IJMB ko JUPEB, karatun share fagen shiga jami'a da ake yi bayan sakandare, ko kuma da digirin farko a fannin da ya danganci lafiya ko kimiyyar halittu, kuma makarantu da yawa ba sa duban mai digiri sai yana da aƙalla 2.1, darajar digiri da ke bin fes kilas. Dalilin da ya sa ƙofofin biyu duk suke da cunkoso shi ne hukumar likitoci ta MDCN ce ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, ba yadda shugaban jami'a ya ga dama ba. Kujerun DE kuwa 'yan kaɗan ne daga cikin wannan adadin.

Mahaifinsa ya ce ya karɓa, shekara ɗaya a gida ta isa. Shi kuma ya karɓa da niyyar wai zai canza kos in ya gama aji ɗaya.

Aji ɗaya da zuciya biyu: 2016

Abu biyu ya gwada a wannan shekarar, duka ba su yi ba.

Na farko canjin kos. A aji ɗaya darussansu kusan iri ɗaya ne da na 'yan medisin, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Lissafi da GST, wato darussan gama-gari, aji ɗaya ma suke zama a wasu lakcocin, shi ya sa yara ke ɗauka tsallakawa abu ne mai sauƙi. A makarantarsu kuwa waɗanda aka taɓa tsallakarwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba kuma duk masu CGPA, wato matsakaicin makin duk karatun da ɗalibi ya yi, 4.5 cikin 5 ne zuwa sama. Shi ya gama aji ɗaya da 3.41. Ya dai cika fom ya kai, ba a ma amsa masa ba.

Na biyu, ya sake sayen fom ɗin JAMB ba tare da sanin mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ce ta ba shi kuɗin daga adashinta. Ya ci 262, makinsa mafi yawa kenan a duk zaman da ya yi. Sai dai a watan Yunin shekarar ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar da soke fos-UTME, makarantu da dama suka koma tantancewa da makin JAMB haɗe da darajar sakamakon sakandare. Wanda ke da A1 da B2 ya haye, shi kuma da C5 da C6 ɗinsa na takarda biyu ya koma ƙasan layi. Da ma fatansa ya rama a fos-UTME, ita kuma babu.

Dalilin 3.41 ɗin ma a nan yake. Farkon semestar da ya kamata ya kafa tushe ya tafi a karatun tambayoyin JAMB na baya, yana aji ana lakca shi yana ƙasan benci da ɗan littafin fas kwescin.

Aji biyu: 2017

Nan ne abin ya fi lalacewa. Aji biyu shi ne inda aka shiga ainihin kos, Fisiyoloji da Anatomi da Bayokemistiri, ga furaktikal ga rifot da ake rubutawa duk sati. Wasu lakcocin kuma tare suke yi da 'yan MBBS na aji biyu, cikinsu har da waɗanda ya fi su ƙoƙari a sakandare, kullum yana ganinsu da farar riga suna wucewa ɗakin gawa. Ya gaya min a lokacin ko sunan kos ɗinsa ba ya son faɗa, in an tambaye shi a unguwa sai ya ce "ina kwalejin likitanci" ya yi shiru, wanda ba ƙarya ba ce tunda sashensu a ƙarƙashin kwalejin yake.

Ya sake zama JAMB karo na huɗu a watan Mayu 2017, ta faɗo daidai lokacin tes-tes na makaranta. Ya ci 239, ƙasa da na bara. An dawo da fos-UTME a shekarar amma makin bai kai a kira shi a medisin ba. A makaranta kuma ya kwaso kariyoba, wato ya faɗi sai ya maimaita, a wani kos na Bayokemistiri mai yunit uku, GPA ɗin shekarar 3.15, CGPA ta sauko 3.28. A ma'aunin maki biyar 2.1 daga 3.50 take farawa, 2.40 zuwa 3.49 kuwa 2.2 ce. Wato a ƙarshen 2017 JAMB ba ta ba shi ba, kuma takardar da zai nemi DE da ita ma tana neman fita daga hannunsa.

Zaman da aka yi a gida: ƙarshen 2017

Da hutu ya zo ya ce shi ya gama da Fisiyoloji, zai ajiye ya zauna a gida ya yi karatun JAMB da gaske na wata uku ba tare da wani abu ya raba masa hankali ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce, ya ce 262 ɗin da ya ci da rabin hankali ya ci ta. A nan ne ma mahaifinsa ya fara jin labarin JAMB biyun da aka yi a ɓoye.

Aka zauna, mahaifinsa da mahaifiyarsa da kawunsa, ƙanin mahaifiyar, wanda ya yi digiri na biyu a waje. Kowa da inda ya ja. Mahaifiyar, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, cewa ta yi "ku bar yaron nan ya bi abin da ransa ke so, tun yana firamare ba shi da magana sai likita." Mahaifin ya ce "ni dai ban ga dalilin da za a zubar da shekara biyu da kuɗin da aka kashe ba, in ka ajiye kuma ba ka samu ba fa? Ka dawo rumfa?" Shi kuma ya ce "Baba in na gama wannan ɗin ma rumfar zan dawo, wa ke ɗaukar ɗan Fisiyoloji aiki?"

Kawun ya kawo maganar Amurka, ya ce can ai ba a ma shiga makarantar likitanci daga sakandare, sai ka yi digirinka na shekara huɗu ka zauna jarrabawar MCAT sannan ka yi wata shekara huɗun, saboda haka digirin farko ba ɓata lokaci ba ne. Maganarsa gaskiya ce game da Amurka, sai dai ba ta zauna daidai a kan Najeriya ba. Can kowa ta wannan ƙofar yake bi kuma an gina karatun ne a kan cewa ka riga ka yi digiri. A Ingila ma akwai kos na shekara huɗu na musamman don masu digiri, haka Jami'ar Ghana tana da irinsa. A nan kuwa digirinka na shekara huɗu shekara ɗaya tak yake rage maka, aji ɗaya, kuma Fisiyolojin da ka yi digiri a kansa sai ka sake zama ka yi shi daga farko tare da yara. An kuma taɓo maganar Sudan, don a lokacin 'yan Kano da yawa can suke tafiya karatun likitanci, amma da aka ji kuɗin da dala ne mahaifin ya ce a rufe wannan babin.

Abin da ya warware zaman ba a gidan aka same shi ba. Kawun ne ya kai shi wurin wani malaminsu na sashen, babban mutum, likita ne da ya koma koyar da Fisiyoloji. Ya saurare shi har ya gama sannan ya jawo takarda ya ja layi biyu. Layin farko, in ya ajiye yanzu ya zauna JAMB a 2018 ya kuma dace, zai shiga aji ɗaya a zangon 2018/2019 ya gama a 2023/2024. Layi na biyu, in ya ƙarasa digiri a 2018/2019 ya nemi DE a 2020 ya dace, zai shiga aji biyu a 2020/2021 ya gama a 2024/2025.

"Shekara nawa ce tsakani?"

"Ɗaya ce, ranka ya daɗe."

"To a layin farko in ba ka dace ba me ke hannunka?"

"Takardar sakandare."

"A na biyun fa?"

Bai amsa ba. Malamin ya ce masa shi ba zai zaɓar masa ba, duk wanda ya ɗauka hanya ce, amma wanda yake yi yanzu na riƙe biyun a lokaci guda shi ne ba hanya ba, taura biyu ba ta taunuwa. Ya kuma yi masa lissafi na biyu, daga 3.28 in yana son ya fita da 3.50 sai ya riƙa cin aƙalla 3.72 a kowace shekara cikin biyun da suka rage, in yunit ɗin shekarun sun yi kusan daidai. Ya ce masa wannan abu ne mai yiwuwa yanzu, amma in ya ƙara ɓata shekara ɗaya zai yi matuƙar wuya.

Ya koma makaranta. Bai sayi fom ɗin JAMB na 2018 ba.

Gyaran maki: 2018 zuwa 2019

Wannan ɓangaren ba shi da wani dogon labari, aiki ne kawai. Ya fara da goge kariyobar. Ya daina zaman bayan aji, ya shiga wani rukunin karatu na mutum biyar da ke haɗuwa bayan sallar isha'i, ya kuma fara koya wa 'yan aji biyu tutoriyal ranar Asabar wanda ya ce shi ya fi komai zaunar masa da karatun a ka, don ba ka iya yi wa mutum talatin bayanin yadda ƙoda ke tace jini alhali kai ma haddacewa ka yi. Ya gama aji uku da GPA 3.90, CGPA ta hau 3.49, saura ƙiris. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na Nuwamba 2018 zuwa Fabrairu 2019 ya tura kalanda gaba da wata uku. Aji huɗu ya ci 4.10, furojet ɗinsa a kan hawan jini ya samu A. Ya fita da 3.64 a ƙarshen 2019, 2.1.

DE na farko: 2020

Ya sayi fom ɗin DE a farkon 2020, ya zaɓi wata jami'ar tarayya a arewa. A watan Maris aka tura shi bautar ƙasa, bai fi sati guda da 'yan kwanaki a sansani ba aka rufe saboda korona aka sallami kowa. ASUU ma ta shiga yajin aiki a watan Maris ɗin, ba ta janye ba sai Disamba. Komai ya tsaya.

Cikin wannan zaman ne wajen watan Agusta ya samu lambar wani da ya shiga medisin ta DE a makarantar da ya nema, yana aji huɗu a lokacin. Ya tura masa hotunan takardunsa ta WhatsApp don ya duba masa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga saƙon murya, "malam digirinka ya yi, amma olebul ɗinka, takardar sakandare, zama biyu ne, a nan medisin zama ɗaya suke so, ko fes kilas gare ka kwamfuta ce za ta cire ka kafin wani mutum ya ga sunanka."

Wannan sharaɗin ba ɓoyayye ba ne, yana cikin kundin JAMB na sharuɗɗan kwasa-kwasai, makarantun likitanci da yawa suna rubuta shi ƙarara. Shekara shida yana neman medisin da takardar da wasu makarantun da ya nema ba za su taɓa karɓa ba ko nawa ya ci. Ba wanda ya duba, shi bai duba ba, mai shagon intanet ɗin da ke cika masa fom bai duba ba, gida kuma an ɗauka kiredit biyar kiredit biyar ne. Ta yiwu ma 262 ɗin nan ta 2016 ba C5 da C6 kaɗai suka kayar da ita ba.

Sai ya yi rajistar WAEC ta masu zaman kansu ya zauna a ƙarshen 2020. Mai digiri, ɗan bautar ƙasa da ke koyar da Bayoloji a wata sakandare, ga shi a benci ɗaya da yara 'yan shekara sha bakwai. Ya ce ranar Fiziks mai sa ido ta ɗaga katinsa ta dubi hoton ta dubi gemunsa ta sake duban hoton, ta kira abokin aikinta, a zatonsu sojan haya ne aka ɗauko ya rubuta wa wani. Sai da ya ciro katin shaidarsa na bautar ƙasa sannan ta ce "to Allah ya ba da sa'a" ta wuce tana waiwayensa. Ya ci duka biyar a zama ɗaya, A1 a Bayoloji da Kemistiri, B a sauran. Amma sakamakon bai riski tantancewar DE ta 2020 ba, sunansa bai fito ba. Shekara ɗaya ta tafi.

DE na biyu: 2021

Ya gama bautar ƙasa a farkon 2021, makarantar kuɗin da ya yi wa hidima ta riƙe shi da ɗan albashi. A nan matsin gida ya canza salo, yanzu ba maganar ya ƙarasa ake ba, maganar ita ce ya gama ai, ƙannensa uku na tafe, ga wani abokin mahaifinsa da ya yi alkawarin nema masa aiki. Mahaifin ya ce masa "karo ɗaya na ba ka, in ba ta yi ba ka haƙura ka kama sana'a."

Wannan karon ya canza abu uku. Ya zauna ya karanta sharuɗɗan kowace makaranta da kansa, ya ware waɗanda ke karɓar mai digiri a Fisiyoloji da 2.1 don ba duka ke karɓa ba, wasu sun fi karkata ga 'yan IJMB. Ya bar babbar makarantar da kowa ke rububi ya zaɓi wadda jiharsa ke cikin yankin da take ɗiba, bayan ya tabbatar tana da amincewar MDCN, don akwai sababbin makarantun da ɗalibai ke maƙalewa a aji uku shekara da shekaru suna jiran a amince musu su shiga asibiti. Na uku ya nemi tiranskirif, takardar makin digirinsa, tun da wuri ya kuma bi shi da ƙafarsa daga ofis zuwa ofis har ya ga an aika, bai bar wa waya ba. Rajistar shekarar ce aka fara tilasta lambar NIN, wannan ma ya riga ya yi.

An yi musu jarrabawar tantancewa, sunansa ya fito a CAPS, shafin admishan na JAMB, a ƙarshen shekara, ya danna karɓa. Ya yi rajistar aji biyu a Janairu 2022 yana da shekara 24 da 'yan watanni.

Cikin medisin: 2022 zuwa 2025

Ko wata biyu bai yi ba ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a dawo ba sai bayan 14 ga Oktoba. Wata takwas. Ya koma koyarwa ya tara abin da ya tara, ya haɗa da wani abokinsa suka buɗe ɗan teburin POS.

Da aka dawo, digirin ya yi masa rana a wani wurin ya kuma yaudare shi a wani wurin. Fisiyoloji da Bayokemistiri kamar bita yake yi, 'yan ajinsu da ya girme su da shekara biyar shida suna ce masa "Yaya" wasu "Sinio", shi ke yi musu tutoriyal. Sai ya ɗauka Anatomi ma haka ne tunda ya taɓa yinsa a digiri. Ashe wanda ya yi na sama-sama ne. Na medisin sai ka tsaya a kan gawa da wuƙa da hantsaki, warin fomalin yana sa ka hawaye, ka bi jijiya tun daga inda ta fito har inda ta ƙare ka san me ke gabanta me ke bayanta. A furaktikal kuma an jera tebura an soka allura a wani ɗan zare a cikin hammata ko wuya, ka rubuta sunansa da aikinsa, kafin ka gama tunani an kaɗa ƙararrawa ka matsa tebur na gaba. Tes biyun farko na Anatomi ya ci 41 da 44, a medisin kuwa 50 ce makin tsira, ba 40 ko 45 da ya saba da su ba. Lokacin yana fita lesin na yamma kwana huɗu a sati.

Ya rage lesin zuwa Asabar da Lahadi, ya bar wa abokinsa POS ɗin yana karɓar kasonsa kawai, ya koma ɗakin gawa da yamma tare da yaran da yake koya wa Fisiyoloji, su kuma suna ja masa Anatomi. Kuɗi suka yi ƙasa sosai, ga shi a 2023 jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista kuma na 'yan medisin ya fi na kowa, ga cire tallafin mai. Kawunsa ne ya ɗauki rajistar shekarar, mahaifin ya ɗauki abinci.

A 2024 ya zauna babbar jarrabawar farko ta MBBS, Anatomi, Fisiyoloji da Bayokemistiri, wadda ita ce ke raba wanda zai shiga asibiti da wanda zai yi risit ko ya maimaita aji ko a sallame shi. Ya ci duka uku a zama ɗaya, Anatomi da 54. A 2025 ya wuce ta biyu, Fatoloji da Famakoloji. A ƙarshen 2025 yana aji biyar, in ba a samu wani tsaiko ba 2027 zai gama yana da shekara 30. Bayan nan sai shekara ɗaya ta aikin sanin makama a asibiti, bautar ƙasa kuwa ba a yinta sau biyu, ya riga ya sauke.

Abokan tafiyarsa uku

Don kada a ɗauka hanyarsa ce kaɗai, ga mutum uku da suka shiga Fisiyoloji tare da shi da irin burinsa. Na farko ya sake JAMB a 2016 kamar shi, yana da WAEC zama ɗaya mai kyau, ya samu MBBS ya ajiye Fisiyoloji bayan aji ɗaya, ya gama a 2024, ya riga shi da shekara uku. Na biyu ya ajiye a tsakiyar aji biyu ba tare da wani admishan a hannu ba, ya zauna JAMB sau biyu bai samu ba, makarantar kuma ta riga ta cire sunansa, daga baya ya yi difloma. Na uku iyayensa suka kai shi Khartoum a 2018, ya ci karo da rufe jami'o'i lokacin juyin da ya kawar da al-Bashir, sannan korona, yana dab da gamawa yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka kwaso su ta iyakar Masar. Ya daɗe yana neman tiranskirif kafin ya samu inda zai ƙarasa, kuma in ya gama akwai jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje tana jiransa.

Yadda nake ganin lamarin

A ganina shawarar da ya yanke a ƙarshen 2017 daidai ce, amma don a ƙarshen 2017 aka yanke ta. Da a farkon 2016 ne, yana sabon shiga aji ɗaya, da lissafin malamin nan ya ba da wata amsar daban, don a lokacin tazarar hanyoyin biyu shekara uku ce ba ɗaya ba, kuma abokinsa na farko shaida ne. Duk shekarar da ka ƙara a digirin tazarar na raguwa, abin da za ka zubar kuma na ƙaruwa, wajen ƙarshen aji biyu ma'aunin ke juyawa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "a gama digiri tukuna" ga kowane yaro ba, ban kuma yarda da masu cewa DE ɓata lokaci ce ba. Wanda ke aji ɗaya ya gwada JAMB sau ɗaya da gaske ba laifi, amma kada ya ajiye sai ya ga sunansa a CAPS. Wanda ya shiga aji uku ya ƙarasa.

Abin da ya ci masa lokaci kuma ba digirin ba ne. JAMB ta 2017 ba ta ba shi komai ba sai kariyoba, ta kusa raba shi da 2.1 ɗin da ita ce kaɗai tikitinsa. Maganar zama biyu kuma ta cinye masa shekara guda cur, alhali da an buɗe kundin JAMB a 2014 da WAEC ɗaya ta gyara ta tun yana ɗan shekara sha bakwai, ta yiwu ma da duk wannan zagayen bai taso ba.

Sai abin da takardar malamin ba ta nuna ba, kuɗi da shekaru. DE tana nufin gida zai ɗauki nauyinka shekara tara ko fiye, kuma rabin na biyun yana zuwa ne daidai lokacin da ake sa ran kai za ka fara ɗaukar na wasu. Shi ya samu kawu da ya tsaya masa da sana'ar koyarwa da digirin farkon ya ba shi. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin biyun, ya kamata ya yi wannan lissafin tun kafin ya sayi fom, don aji huɗu da biyar na medisin da kwanan asibiti ba sa barin mutum ya yi lesin ɗin yamma.